Littafin Gida Mai Ruwan Ɗorawa: Wata Huɗu Tsakanina da Ofishin Gundumar Langu

A farkon watan Yunin 2023 na fara neman a shigar da sunana cikin rajistar gidan surukina a gundumar Langu ta lardin Satun, can ƙuryar kudu maso yammacin Tailan, ban kuwa riƙe littafin a hannuna ba sai ƙarshen Satumba. Aikin da ba zai wuce mako shida ba ya cinye mini kusan wata huɗu, kuma tsakani da Allah rabin ɓata lokacin ni na jawo wa kaina. 'Yan uwa biyu da ke zaune a kudancin ƙasar nan sun riga sun kira ni suna tambayar ta ina ake farawa, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi daki-daki.

Karatu ne ya kai ni Jami'ar Utara da ke Sintok a jihar Keda ta Malesiya, inda 'yan Arewa ba su da wuyar gani, can kuma na haɗu da maiɗakina. Satun maƙwabciyar Malesiya ce, a da ma tana ƙarƙashin Sarkin Keda ne da sunan Setul. A yarjejeniyar 1909 tsakanin Ingila da Siyam, wato Tailan ta yanzu, Keda da Perlis da Kelantan da Terengganu suka koma hannun Turawan Ingila, Satun kuwa ta zauna a wajen Siyam. Har yau mafi yawan mutanen lardin Musulmi ne. Ƙauyenmu gonakin roba ne da kwakwar manja, surukina tun ƙarfe biyun dare yake fita tsaga itatuwan roba da fitila ɗaure a goshi, ya dawo ya tarar da jam'in Asuba. Ni kuma ina koyarwa a wata makarantar Islamiyya mai zaman kanta, shi ya sa duk ƙauyen Ustas suke ce mini.

A Tailan kowane gida yana da ɗan littafi da ake kira tabiyan ban, mai ɗauke da lambar gidan da sunayen mazauna cikinsa. Na 'yan ƙasa bangonsa shuɗi ne, a hukumance To Ro 14 ake ce masa. Baƙo irina da ke zaune da biza ba ya shiga shuɗin, nasa daban ne, mai ruwan ɗorawa, To Ro 13. Abin da ya tayar mini da maganar lasisin babur ne. Duk abin da ka tashi yi, lasisi ne, ko sayen abin hawa, ko wata hulɗa da banki, sai an ce kawo takardar shaidar wurin zama daga ofishin shige da fice, shi kuwa yana cikin garin Satun, tafiyar kusan kilomita 50 daga wajenmu. Wani malami abokin aikina ya ce in ina da littafin nan na huta da wannan zirga-zirga.

Kuskurena na farko shi ne ƙin tambaya. Kusa da makarantarmu akwai wani ofishi mai tutoci da motar kwasar shara a harabarsa, wanda kowa ke kira O-Bo-To. A tunanina wannan ita ce ƙaramar hukuma, tunda a gida can mutum ke zuwa neman takardar shaidar asali. Ranar wata Talata na saka riga mai kyau, na ɗauki fasfo da takardar aure na tafi. Sun karɓe ni da fara'a, an ba ni kujera da ruwan sanyi, aka yi ta kiran wannan da wancan, har aka samo wata ma'aikaciya mai jin Malayanci. Ita ce ta fahimtar da ni cewa su aikinsu hanyoyin ƙauye ne da ruwan famfo da shara da harajin gida da fili, ba su riƙe rajistar mutane. Na dawo gida ina ta huci.

Da daddare muna shan shayi da roti a tsakar gida, surukina ya saurari labarin, ya yi dariyar da har ya ƙware. Ya ce, "Ɗana, ai matakala biyu ce a ƙasar nan, kai kuma ka hau wadda ba ta kaiwa inda za ka." Sai ya jera kofuna yana yi mini bayani. Matakalar farko daga Bankok take saukowa: Ma'aikatar Cikin Gida ta naɗa gwamnan lardi, ƙarƙashinsa akwai nai amfo, wato shugaban gunduma, wanda ma'aikacin gwamnati ne da ake turowa kuma a ɗauke shi, kamar Di'o a zamanin Turawa. Ƙarƙashin gunduma akwai tambon, mai riƙe da ita kamnan ne, sai ƙauyuka da ake kira muban, kowanne da puyaiban ɗinsa. In ka ce dagaci da mai unguwa ba ka yi nisa da gaskiya ba, sai dai su ba gado ake yi ba, mutanen ƙauye ke zaɓen puyaiban da ƙuri'a, ya riƙe har ya cika shekara 60. Tsarin ya samo asali ne tun gyare-gyaren Sarki Culalongkon da ɗan uwansa Yarima Damrong, wanda ya zama ministan cikin gida a 1892, dokar da ta tsara aikin kamnan da puyaiban kuma ta 1914 ce, har yau da ita ake aiki bayan gyare-gyare. Matakala ta biyu ta zaɓaɓɓun majalisu ce: tesaban a cikin gari, O-Bo-To a karkara, wadda dokar 1994 ta kafa. Langu tana da tambon shida, Kampeng da Langu da Kao Kao da Pak Nam da Nam Put da Lem Son, ofishin gunduma kuma yana Kampeng. A garuruwa da yawa gidan da ke cikin iyakar tesaban a ofishin tesaban ake riƙe rajistarsa, amma gidan ƙauye irin namu na amfo ne, wato ofishin gunduma. Na ce, "Pa, me ya sa ba a gaya mini tun da safe ba?" Ya ce, "Ka tambaya ne?"

Shi ne kuma ya hana ni zarcewa amfo ni kaɗai. Ya ce a fara gaida puyaiban. Muka je gidansa bayan La'asar da ledar ayaba. Mutumin ya san ni a masallaci, ya san ranar da na tare a ƙauyen, ya ma san wace rana babur ɗin aro ya kayar da ni a kwanar gonar manja. Ya ce a farkon kowane wata duk kamnan da puyaiban suna taro a ofishin gunduma, zai yi wa mai kula da rajista maganata, kuma idan ranar ba da shaida ta zo shi da kansa zai tsaya mini. A lokacin na ɗauka ladabi ne kawai irin na ƙauye. Daga baya na gane wannan ziyara ta fi kowane hatimi da na sayo a Bankok nauyi.

Ranar Litinin muka je amfo ni da maiɗakina. Ana buɗewa ƙarfe 8:30 a tashi 4:30, da hutun cin abinci daga 12 zuwa 1. Litinin ce ranar da ma'aikata ke saka kaki, sai ka ga kamar barikin soja ka shiga, alhali mutane ne masu sanyin murya. Muka ciri lamba, muka zauna kamar minti arba'in tsakanin masu sabunta katin ɗan ƙasa da wasu ma'aurata da suka zo rajistar jariri. Wata palat, wato mataimakiyar shugaban gunduma, ta duba fasfona shafi-shafi, sannan ta rubuta mana abubuwan da take so da hannunta: kwafin fasfo wanda ofishin jakadancin ƙasata ya tabbatar, an fassara shi zuwa yaren Tai, Ma'aikatar Harkokin Waje ta Tailan ta buga hatimi, takardar haihuwa mai sunan uwa da uba, ita ma haka, takardun aurenmu biyu, Ko Ro 2 da Ko Ro 3, hotuna, shuɗin littafin gidan da katin mai gida, shi kuma ya zo da kansa ya ce ya yarda, sai shaidu biyu. Maiɗakina ta ninke takardar ta saka cikin jaka tana cewa, "Bang, wannan kam mai sauƙi ce." Ni kuwa gabana ya riga ya faɗi a layi na biyu.

Fasfon Najeriya ba ya ɗauke da sunan iyaye. Abin da nake yawo da shi tun ina sakandare takardar rantsuwar shekaru ce ta kotu, wadda baffana ya yi mini, babu sunan mahaifiyata ko kusa. Dole na kira ƙanena a gida ya je Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ya nemo mini takardar shaidar haihuwa mai sunayen iyaye, ya kai ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja aka buga hatimi, sannan ya aiko ta hannun kamfanin aika saƙo. Babbar Sallah ta faɗo a tsakiya, aiki ya tsaya can, ya tsaya nan, domin a Satun ranar Idi hutun gwamnati ce. Mako biyar cur kafin ambulan ya iso, ana tsakiyar damina, ɗan aiken ya miƙo mini shi a cikin leda biyu.

Satun ba ta da jirgin ƙasa, ba ta da filin jirgin sama na fasinja. Sai ka hau ƙaramar bas ta kusan awa biyu zuwa Hatyai, daga nan ka zaɓi jirgin sama ko na ƙasa. Na zaɓi na ƙasa mai gado saboda aljihu, na kwana a hanya, na sauka Bankok ranar Alhamis 27 ga Yuli. A ranar na gama da ofishin jakadancinmu, na kai takardun wani shagon fassara, bat 400, kuɗin Tailan, kowane shafi, ina ta murna zan shigar da su washegari. Ashe ban duba kalanda ba. Juma'a 28 ga wata ranar haihuwar sarki ce, ga Asabar da Lahadi, gwamnati ta ƙara Litinin 31 a matsayin hutu na musamman, 1 da 2 ga Agusta kuma bukukuwan addinin Buda ne. Kwana shida ofisoshi a rufe. Ba don wani ɗan uwa ɗan kasuwa da ke sayen tufafi a kasuwar Pratunam ya ba ni katifa a ɗakinsa ba, da kuɗin masauki kaɗai ya karya ni. Ranar 3 ga Agusta na isa Sashen Harkokin Jakadanci da ke titin Ceng Wattana. Hatimi ɗaya bat 200 ne, kuma takarda da fassararta biyu ake ƙirga su, don haka na biya 800. Bayan kwana biyu na aiki na karɓa, na kamo hanyar kudu ina jin kamar na ci yaƙi.

Palat ba ta yi minti uku da takardun ba ta jera biyu a kan tebur ta ɗora yatsa a kan kowacce. Lokacin da muka yi rajistar aure a Bankok, wani mai taimaka wa baƙi da takardu ne ya yi mana komai, maiɗakina kuma ta rubuta sunana da haruffan Tai yadda mutanensu ke faɗinsa, Abdullo. Mai fassarar fasfo kuwa ya bi haruffan boko ɗaya bayan ɗaya ya rubuta Abdullahi. A idona suna ɗaya ne, a idon rajista mutum biyu ne, ɗaya ya auri 'yar gidan, ɗaya kuma baƙo ne da ba a san shi ba. Ta ce ba za ta iya shigar da ni ba sai rubutun ya zama iri ɗaya harafi da harafi. Na fita waje na zauna a kan dakalin shagon fotokwafi da ke tsallaken titi, ruwa na zuba daga kwanon rufi, na rasa wanda zan ji haushi. Mai fassarar bai tambaye ni ko ina da wata takarda ta Tai mai sunana ba, ni ma ban nuna masa ba. Allah ya taimake ni ba sai na koma ba: na aika masa takardun ta gidan waya tare da kwafin takardar aure, ya gyara, ya sake shigarwa, ya aiko. Kuɗin hatimi na sake biya, da ladan zirga-zirgarsa, mako biyu kuma suka tafi.

Ranar ganawa ta faɗo a farkon Satumba. Muka cika motar a-kori-kura ta maƙwabci: ni, maiɗakina, surukina da shuɗin littafinsa a cikin leda, puyaiban cikin kakinsa, da limamin masallacinmu a matsayin shaida na biyu. Muna jiran kira wani dattijo da ke zaune kusa da mu ya ji an ce baƙo ne ke neman shiga rajista, sai ya ɓarke da tarihi. Ya ce kada in ga Langu da kasuwa da tashar jiragen ruwa ta Pak Bara inda masu yawon buɗe ido ke hawa zuwa tsibiran Tarutao da Lipe, a da ita ce ƙarama, tana ƙarƙashin Tungwa. Tungwa ce mai arzikin masoro, jiragen ruwa na ɗauka zuwa Penang. Da cinikin ya mutu mutane suka gangaro Langu neman ƙasar noma, a 1930 gwamnati ta juya lamarin, Langu ta zama cikakkiyar gunduma, Tungwa ta koma ƙarƙashinta na tsawon shekaru. Liman ya ce to yanzu kuma duwatsu ne ke kawo baƙi, tunda a 2018 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren duwatsu masu muhimmanci na duniya da ake kira Geopark, saboda duwatsun bakin teku irin na Kao To Ngai masu ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Hirar ta rage mini zullumi sosai.

Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa shigar da mu. Palat tana tambaya, wani magatakarda yana bugawa a kwamfuta: yaushe na fara shigowa Tailan, ta wace iyaka, ina na yi karatu, me nake koyarwa, nawa ne albashi, mu nawa ne a wajen iyayenmu. Shekaru duk da lissafin Buda ake rubuta su, ka ƙara 543 a kan namu, 2023 ta zama 2566, har na ɗan rikice wajen faɗin shekarar aurena. Sai ta ce in faɗi sunan mahaifiyata da bakina don ta ji yadda ake furta shi. Na yi shiru. Ni ɗan fari ne, ban taɓa jin ta kira sunana ba, ni ma tun da na yi wayo ban taɓa kama nata a gaban mutane ba, Inna ce kawai. Matar ta ɗago kai tana kallona, ga alama ta fara zargin takardar ba tawa ba ce. Maiɗakina ta yi sauri ta bayyana mata cewa kunya ce irin ta mutanenmu. Na sunkuyar da kai na faɗa a hankali. Palat ta yi murmushi ta ce yaran Tai ma a makaranta da sunan iyaye suke tsokanar juna, ta gane.

Puyaiban bai yi minti goma a ciki ba. An tambaye shi ko da gaske a gidan nake kwana, tun yaushe, yaya zamana da mutane. Ta ƙofa ina jiyo su suna dariya, daga baya ya ce labarin faɗuwata a babur ya ba su. Kowane kwafi sai da na sa hannu a kansa da shuɗin biro, sama da shafi ashirin, har yatsuna suka sage. Aka ce fayil zai hau teburin nai amfo, za a kira mu.

Jiran nan ya fi kowanne cin rai, don babu abin da ya rage a hannuna. Surukina ya ƙara mini damuwa da ya ce shekarar kuɗin gwamnati 30 ga Satumba take ƙarewa, a ranar masu ritaya ke ajiye aiki, canjin wuraren aiki kuma ya biyo baya, in fayil ya kwana har sabon hannu ya zo, wataƙila a sake duba shi daga farko. Ban je ina naci ba. Puyaiban ne ya leƙa da ya je wani aikin nasa, ya dawo ya ce an sa hannu. A makon ƙarshe na wata aka kira mu. Littafin ɗan ƙarami ne, bai kai tafin hannu biyu ba, da tambarin gwamnati na tsuntsun Garuda a bango, a ciki ga sunana da na iyayena da lamba mai alƙaluma 13 da ta fara da 6. Ban biya ko bat ɗaya a kansa ba. A ranar aka tsayar da ni jikin ma'aunin tsawo aka ɗauki hoto da zanen yatsa, aka ba ni katin shaidar baƙo mai ruwan hoda a kan bat 60.

Wanda zai bi wannan hanya, kafin ya kashe ko sisi ya ɗauki shuɗin littafin gidan da yake zaune ya tambayi mai gidan a wane ofishi aka ba shi, can ne wurin zuwansa. Ya je ya karɓi jerin takardu daga bakin mai rajistar wannan ofishin, kada ya dogara da nawa, domin doka ɗaya ce, ta rajistar jama'a ta 1991 da gyaranta na 2008, amma kowace gunduma da abin da take ƙarawa ko ragewa. Takardar haihuwa mai sunan uwa da uba a nemo ta tun daga gida da hatiminta, ko da ba a san ranar amfaninta ba. Duk takardar Tai ta farko da aka rubuta sunanka a ciki, ita ce za ka riƙa miƙa wa kowane mai fassara ka ce ya kwafa yadda yake, ko da kai kana ganin ba haka ake furta shi ba. A duba kalandar hutu kafin a sayi tikiti. Sannan a san puyaiban tun ba a da buƙata, a masallaci, a jana'iza, a aikin gayya, don shi za a tambaya ko kana nan. Kada kuma wani ya ɗauka littafin izinin zama ne: ba ya ba ka ikon mallakar fili, ba ya maye gurbin biza, rahoton da baƙo ke kaiwa ofishin shige da fice duk kwana 90 yana nan daram. Duka-duka, da jirgi da fassara da hatimi da aike daga gida, na kashe abin da ya haura bat 9,000, kusan kashi ɗaya cikin uku a kan kurakuraina.

Lasisin babur na same shi a watan Oktoba, na wucin gadi mai shekara biyu, a kan bat 105, kuma da na miƙa littafin a ofishin sufuri ba wanda ya tambaye ni wata takardar wurin zama. Da na dawo, surukina ya karɓi littafin ya haɗa shi da shuɗin nasa a leda ɗaya, ya ɗaure da robar hannu, ya taka kujera ya ɗora a saman kabad inda yake ajiye takardun gona saboda ambaliya, ya ce duk ranar da nake so in tambayi Ma, surukata.